Bonet Ya Karkace? Yadda Ake Canza Hinjin Tsohuwar Mota Ba Tare da Ɓarna Ba

Mai tsohuwar mota ba ya wasa da inji, da giya, da birki, da taya. Amma ƙarafuna biyun nan da ke riƙe da bonet ta baya, dab da gilashi, da wuya ka ga wanda ya taɓa ɗiga musu ko da ɗigon mai. Ba a tunawa da su sai ranar da bonet ya ɗaga kusurwa ɗaya sama, ko ya fara cin fentin fenda, ko ya ƙi rufuwa sai an maka shi sau biyu sau uku. Daga nan sai a samo waya ko robar tsohon tub a ɗaure gaban, a ce Allah Ya kiyaye, a hau titi.

Allah Yana kiyayewa, amma waya ba gyara ba ce. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, kuma ƙarfin iskar da ke dukan gabanta ya ninka na gudun kilomita 50 har sau huɗu. Idan iskar nan ta sami kafar shiga ƙarƙashin bonet, kafin direba ya ankara ta ɗaga shi ya rufe gilashi ruf, sau da yawa ma ya farfasa shi. Abu uku ne ke riƙe da bonet: hinjin hagu, hinjin dama, da makullin gaba. Duk wanda ya saki a cikinsu, wahalarsa kan sauran biyun take komawa, ba a jimawa su ma su bi shi.

Canza hinji bai fi ƙarfin mai mota ba, muddin yana da sufana da mutum biyu da za su taya shi. A yawancin motoci noti huɗu ne kacal a kowane gefe, biyu a jikin bonet, biyu a jikin bodi. Kwance su da mayar da su ba ya cin lokaci. Wuri biyu ne ake ɓata aikin: alamar da ba a yi ba kafin a kwance, da saitin da aka yi a gurguje bayan an ɗaura.

Fara tabbatarwa hinjin ne

Ba kowane bonet da ya ƙi rufuwa ne laifin hinji ba. Kafin ka kashe ko sisi, buɗe shi ka tokare, ka sa wani ya kama bakin gaba da hannu biyu ya riƙa girgiza shi hagu da dama a hankali, kai kuma ka sunkuya da tocila kana kallon mahaɗar hinjin, wato inda fin ya haɗa ƙarafunan biyu. Lafiyayyen hinji sama da ƙasa kawai yake tafiya. Idan ka ga hannunsa yana girgiɗi a kan fin, ko ka ji ƙas-ƙas, ko ka ga jan garin tsatsa yana fitowa daga mahaɗar, to fin ya cinye raminsa. Gwada na hagu da na dama da ido. Idan ɗaya ya fi ɗaya lanƙwasa, ko fenti ya tsattsage a gwiwarsa, ya taɓa shan duka.

Sannan ka dubi inda aka ɗaure shi. Danna ƙarfen da ke kewaye da notin da bakin sukudireba. Idan ya lotsa ko ya ɓarɓashe, matsalarka ta wuce hinji, mazauninsa ne ya ruɓe, kuma sabon hinji a kan ruɓaɓɓen ƙarfe asarar kuɗi ce kawai.

Idan kuwa hinjin yana nan daram amma bonet yana rawa a gaba, duba makulli da robobin nan biyu da yake sauka a kansu. Idan ka ja hannun buɗewa daga ciki ka ji shi sako-sako, wayarsa ce ta miƙe ko ta tsinke. Idan bonet yana faɗowa da kansa a motar da ba ta da sandar tokarewa, shok ɗinsa ne ya mutu. Kowane daga cikin waɗannan aikinsa daban.

Abin da ke kashe shi a nan

Shekaru su ne na farko. Peugeot 504 da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna tun 1975 har yanzu tana jigila a hanyoyin ƙauye. Golf 3 da ta cika tashoshinmu ta fito ne a 1991, Honda ɗin da ake kira Bulldog kuma a 1994. Direban haya kullum da safe sai ya buɗe bonet ya duba ruwa da mai, wani lokaci ya sake buɗewa a hanya idan inji ya ɗau zafi. Lissafa wannan a shekara ashirin ko talatin, ba tare da giris ba.

Na biyu ƙura ce. Ƙurar hunturu tana shiga mahaɗar ta cakuɗu da ɗan maiƙon da ya rage, sai ta riƙa gugar fin duk sanda aka buɗe. Na uku ruwa. Motar da ke kwana ƙarƙashin dalbejiya, ganye yana toshe magudanar da ke ƙasan gilashi, ruwan damina ya kwanta daidai gindin hinji. Motocin da aka shigo da su daga ƙasashen ƙanƙara, irin su Kanada da Jamus da arewacin Amurka, da yawansu da tsatsarsu suke zuwa, domin can ana watsa gishiri a titi lokacin sanyi.

Sai kuma na gaggawa. Ɗan karon da aka yi da adaidaita sahu a cunkoso yakan tura bonet baya, hinji ya lanƙwashe ko da fitila ba ta fashe ba. Guguwar farkon damina takan ɗauki bonet ɗin da aka bari a buɗe ta wuce da shi iyakarsa. Haka samarin da ke hayewa kan bonet ranar biki ko ranar kamfen.

Ana yawan gyara irin wannan da wuta da guduma, ko a cire fin a soka ƙusa a yi mata walda. Kada ka yarda. Hinji da bonet an ƙera su ne yadda idan aka yi karo na gaba, bonet zai naɗe a tsakiyarsa, hinji kuma ya riƙe bayan kada ya kutsa cikin gilashi zuwa kan mutanen gaba. Ƙarfen da aka gasa aka miƙe ya rasa ƙarfinsa na asali, kuma ba a sanin haka sai ranar da aka buƙace shi.

A kasuwa

Ko Ƙofar Ruwa ka nufa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja, ko ka aika Ladipo a Legas, ƙa'idar ɗaya ce: tafi da tsohon a hannu idan da hali, idan babu ka tafi da hotonsa ta kowane gefe da lambar shasin motar. Suna ɗaya ba ya nufin kaya ɗaya. Corolla ko Accord ta shekara guda, wadda aka yi wa kasuwar Amurka da wadda aka yi wa Turai, bodinsu yakan bambanta. Idan mai shago ya ce maka, "Alhaji, duk ɗaya ne, zai shiga," ka ce masa, "To Malam, na ji, amma in bai shiga ba zan dawo maka da shi," kuma ku ƙulla wannan kafin kuɗi ya bar hannunka.

Sayi biyu, hagu da dama. Tare suka tsufa, kuma sabo a gefe guda da cinyayye a ɗaya gefen ba za su taɓa ba ka saiti mai kyau ba. Hagu da dama daga mazaunin direba ake ƙirga su, ba daga inda kake tsaye a gaban mota ba. Da yawa za ka ga an buga musu L ko R a jiki.

Na Beljiyam da aka ciro daga lafiyayyar mota yakan fi sabo mai araha, domin ƙarfen mai arahar siriri ne, ramukansa kuma ba sa cika faɗawa daidai. Amma gwada shi a hannu. Buɗe shi ka rufe: ya kamata ka ji ɗan tauri mai santsi, babu cijewa, babu girgiɗi. Ɗora shi a kan tsohon ka ga ko ramuka sun hau juna. Duba ko akwai sawun guduma, ko ɗigon walda, ko shuɗin da wuta ke bari a ƙarfe. Sabon fenti a kan tsohon hinji abin tuhuma ne, kankare ɗan wuri ka gani. Ka roƙi mai shagon ya haɗo maka da notinsa. Idan sabbin noti za ka saya, na motocin Turai ka nemi masu lambar 8.8 a kai, na Japan kuma ka nemi irin nasu na asali, kada a ba ka na kafinta.

Shiri

Tanadi sufana da soket lamba 10, 12, 13 da 14. Motocin Japan galibi 12 ne a hinji, na Turai 13. Sai maka mai siririn baki, tef na takarda, burushin waya, sanfefa, giris, fentin hana tsatsa, tsofaffin barguna biyu, kwalaye, da man fesawa na warware tsatsa irin su WD-40.

Tun daren ana gobe aiki ka fesa wa kowane noti man nan, ka sake fesawa da safe. A gareji za ka ga ana zuba man birki a kan noti mai tsatsa. A nan kam kada ka bari, domin man birki yana cin fenti, kuma wurin nan fenti ne ta ko'ina.

Ajiye motar a shimfiɗaɗɗen wuri, a inuwa, inda iska ba ta kaɗawa. Motar da ta karkata a kan gangare, ratar bonet ɗinta ƙarya take faɗa maka. Bar inji ya huce, cire wayar batir ta negatif, rufe gilashin gaba da kwali da bargo, ka shimfiɗa wani a kan kowace fenda.

Alama kafin sufana

Kada ka taɓa noti ko ɗaya sai ka gama wannan. Ramukan hinji an yi su da ɗan faɗi da gangan, don a iya matsar da bonet gaba, baya, ko gefe. Da zarar ka sassauta, wurin da yake zaune ya ɓace, kuma milimita biyu a baya takan zama babbar karkata a gaba.

Ɗauki maka ka zagaye ƙafar hinji a jikin bonet, layin ya manne da ƙarfen sosai. Yi haka a jikin bodi. Ɗauki hoto da waya ta kusa, hagu da dama, har da yadda wayoyi da tiyon ruwa suka bi. Idan akwai washa ko ɗan siririn ƙarfe a ƙarƙashin hinji, ƙirga su, ka ajiye na kowane gefe a leda daban ka rubuta mata suna. Ba a banza aka sa su ba.

Idan gefe ɗaya ne ya sha duka, layin wancan gefen ba abin dogara ba ne, tunda a karkace yake. Auna na lafiyayyen gefen da tef, daga bakin bonet zuwa ƙafar hinji, ka mayar da awon ɗaya gefen. Manna ɗan tef a gilashi inda bakin kowace wayfa yake kwanciya, domin wataƙila sai ka cire su.

Sauke bonet

Wasu sukan canza gefe ɗaya su bar ɗayan a ɗaure. Ana yin sa, amma a nan ne ake yawan murɗe bonet ko a fasa gilashi. Sauke shi gaba ɗaya ya fi aminci.

Zare tiyon ruwan wanke gilashi, da wayar fitila idan akwai, da siririyar wayar at da wasu motoci ke da ita tsakanin bonet da bodi. Idan shok ne ke riƙe da shi, sa mutum ya tallafe bonet tukuna, sannan ka ɗaga kilif ɗin bakin shok da ƙaramin sukudireba ka zare.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Bonet ɗin ƙarfe yakan kai kilo 15 zuwa 20, wani ma ya wuce, amma ba nauyin ne matsalar ba, faɗinsa ne da yadda yake sulɓewa. Da zarar noti na ƙarshe ya fita, baya yake zamewa, kusurwoyinsa masu tsini su nufi gilashi. Saboda haka mutum ɗaya a kowane gefe, kafaɗa a ƙarƙashin bonet, hannu ɗaya a tsakiyar gefen, ɗayan kuma ya kama kusurwar baya gam. Kai ne mai sufana. Sassauta duka huɗun, cire ɗaya a kowane gefe, ka tambaye su, "Kun riƙe?" Sai sun amsa sannan ka cire ragowar biyun. Su ɗaga shi su yi gaba da shi, a kwantar da shi rigingine a kan bargo ko tsohuwar katifa. Kada a jingine shi a bango a kan kusurwoyinsa, nan da nan suke lanƙwashewa.

Yanzu saura notin jikin bodi. A wasu motoci a fili suke. A wasu sai ka cire wayfa da baƙar robar da ke ƙasan gilashi. A wasu kuma ƙafar hinji ta shige ƙarƙashin fenda, sai an kwance notin saman fenda an ɗan janye ta. Kilif ɗin robar tsohuwar mota rana ta riga ta gasa su, bi su a sannu, kuma ka tanadi wasu don dole ɗaya ko biyu su karye.

Mai Mercedes irin V-boot ya kula. Hinjinta yana da sifirin mai ƙarfi a jiki, kuma akwai ɗan marikin da ake saki bonet ya miƙe tsaye cak. A buɗe ne sifirin yake da sauƙi, don haka a wannan yanayin ake aiki da shi. Bayan an sauke bonet kada ka danna hannun hinjin ƙasa da yatsunka a tsakani. Tsofaffin BMW na shekarun 1980 kuwa hinjinsu a gaba yake, bonet ta wajen gilashi yake buɗewa, sai ka juya duk abin da aka faɗa a nan.

Idan noti ya ƙi

Yi amfani da soket ko sufana mai zobe, ba mai buɗaɗɗen baki ba, don kada ka cinye kan notin. Ɗan bubbuga kansa da guduma tsatsar ta girgiza. Fara ɗan ƙara ɗaure shi kaɗan, sannan ka kwance. Idan ya motsa ya sake cijewa, kada ka yi masa ƙarfi. Mayar da shi ciki, fesa mai, sake fito da shi, a haka a haka har ya fita.

Haƙurin nan yana da dalili. Notin jikin bonet yana shiga ne cikin macen da aka manna a ciki tun daga kamfani, inda hannu ba ya kaiwa. Idan ka tsinke ta za ta riƙa juyawa tare da notin, sai an yanka ƙarfe kafin a kai gare ta. Idan notin ne ya karye a ciki, a huda tsakiyarsa da ƙaramin diril a fitar da guntun, a sake gyara tiredin. Wannan kai wa mai injin da ya saba.

Wuta ita ce dabara ta ƙarshe, kuma a wurin nan tana da haɗari: ga gilashi, ga wayoyi, ga tankin man birki a kusa. Idan mazaunin ya ruɓe har sai an yanke an ɗora faci, tsaya a kan mai walda ya yanke ruɓaɓɓen duka, ya sa ƙarfe mai kaurin na asali. A tabbata batir a cire yake saboda kwamfutar mota, a rufe gilashi da jiƙaƙƙen bargo, domin tartsatsin walda yana huda fuskar gilashi ya bar tabon da ba ya gogewa.

Ɗaurawa da saiti

Goge mazaunin da burushin waya da sanfefa, amma ka kiyaye layin makarka. Shafa fentin hana tsatsa a inda ƙarfe ya fito, bar shi ya bushe. Zare ganyen da ya toshe magudanar ruwa tunda ga ta a buɗe. Sa giris a mahaɗar sabon hinji, buɗe ka rufe har ya shiga, goge na waje.

Ɗaura hinji a bodi bisa layi. Fara kowane noti da hannu, zagaye uku ko huɗu, kafin sufana ta taɓa shi. Mayar da bonet kamar yadda aka sauke shi. Ɗaure notin daidai yadda bonet ba zai zame da kansa ba, amma idan aka bubbuga shi da tafin hannu zai motsa.

Kafin ka rufe shi a karon farko, ja hannun buɗewa daga ciki ka ga makulli yana amsawa. Bonet ɗin da ya kulle a karkace da matacciyar waya, fito da shi wani aikin ne na yini guda. Sannan ka sassauta makullin ko ka cire shi na ɗan lokaci, ka murɗa robobin gaba su yi ƙasa. Dalili kuwa, makulli yana jan bonet zuwa inda shi yake, sai ka ga kamar komai ya daidaita alhali hinji a takure yake. Hinji ne ke saita bonet, makulli kuma ya bi bonet. Wanda ya juya wannan tsari zai yini yana kwancewa yana ɗaurewa.

Sauke bonet a hankali da hannu biyu, kana kallon kusurwoyin baya kada su ci fenda. Sai ka bi wannan jeri.

Na farko, hagu da dama. Ratar da ke tsakanin bonet da fenda ta zama ɗaya a gefe biyu, daga baya har gaba. A yawancin motoci milimita 3 zuwa 5 ce. Tsofaffin katin ATM biyar a haɗe sun kusa milimita 4, sai ka zura su a wuri huɗu: baya da gaba na kowane gefe. Idan rata ta buɗe a gaban hagu ta matse a gaban dama, bonet ya juya ne, sai ka tura gefe ɗaya gaba ko baya kaɗan.

Na biyu, gaba da baya. Bakin bonet ya yi daidai da bakin fenda da saman fitilu. Wannan da na farko duk a notin jikin bonet ake yin su. Masu Toyota su lura: a da yawa daga motocinta notin asali yana da ɗan wuya a ƙarƙashin kai da ke tilasta hinji ya zauna a tsakiyar rami. Da shi a ciki bonet ba ya matsawa ko ka sassauta. Idan dole sai an matsar, a musanya shi da noti na yau da kullum mai washa.

Na uku, tsayin baya. Shafa tafin hannunka daga fenda zuwa bonet kusa da gilashi, bai kamata ka ji tudu ko kwari ba. Ana gyara wannan ta notin jikin bodi idan ramukan suna ba da dama, ko ta ƙara washa a ƙarƙashin ƙafar hinji don ɗagawa, ko rage ta don saukewa.

Bayan kowane gyara, motsi ɗaya kawai, sannan ka rufe ka duba. Idan uku ɗin sun zauna, ɗaure notin hinji sosai, amma ba irin ɗaurin taya ba. Ƙananan noti ne, ƙarfin hannu ɗaya a kan gajeriyar sufana ya wadatar.

Na huɗu, makulli. Shafa ɗan giris a ƙarfen da ke shiga bakinsa, sauke bonet ya taɓa, ɗaga ka duba inda giris ya bar sawu. Matsar da makulli har ƙarfen ya faɗa tsakiya ba tare da gugar gefe ba. Idan gaban bonet ya yi sama, sauke makulli kaɗan. Na biyar, murɗo robobin sama har bonet ya zauna a kansu da ɗan matsi. Su ne ke hana shi rawa a kan hanya.

Gwaji

Ɗaga bonet kamar taƙi ɗaya ka sake shi. Ya kamata ya kulle da nauyin kansa, sau ɗaya. Kama bakinsa ka ja sama da ƙarfi, kada ya motsa. Sannan ka ja hannun ciki ya ɗan buɗe, ka sake jan sa sama ba tare da ka taɓa sakatar tsaro ba. Dole ta riƙe shi. Wannan ƙaramar sakata, a Amurka tun ƙarshen shekarun 1960 doka ta tilasta wa masu ƙera mota sa ta, kuma ita ce ke tsayawa tsakaninka da gilashi ranar da babban makulli ya saki. Idan sifirin ɗinta ya mutu ko ta cije, motar ba ta hau titi ba tukuna.

Mayar da tiyon ruwa, wayoyi, wayfa bisa tef ɗinsu, da batir. Zagaya cikin unguwa a hankali, sannan ka hau babban titi kana ƙara gudu sannu-sannu, idonka a kan bayan bonet. Idan ka ga yana karkarwa, tsaya ka ƙara ɗaga robobi. Bayan mako guda na shiga ramuka, sake bin notin da sufana.

Kowane direba kuma ya riƙe wannan: idan bonet ya taɓa tashi maka a guje, kada ka daddage birki, na bayanka bai san abin da ke faruwa ba. Ɗaga ƙafa daga totur, kunna sigina biyu, sunkuya ka leƙa ta ratar da ke ƙasan bonet ko ta tagar gefe, ka gangara bakin hanya a hankali.

Idan fanal-bita ka ba

Ba kowa ke da lokaci ko masu taya shi ba, kuma idan fenda ta matsa ko bonet ɗin kansa ya murɗe, aikin nasa ne. Amma je da idonka. Ka ga ya zana alama kafin ya kwance. Ka ga ya rufe gilashi. Ka karɓi tsofaffin hinjin a hannunka, don ka tabbata canza su aka yi ba miƙewa ba. Idan ya ce, "Oga, ɗan danna shi kawai idan za ka rufe, zai saba," ka ce masa ƙarfe ba ya sabo, a sake saiti. Kada ka biya sai ka yi gwajin nan uku da kanka: sakin taƙi ɗaya, jan sama, da sakatar tsaro.

Daga nan abin da ya rage kaɗan ne. Duk sanda za a yi juyen mai, ka ce wa yaron gareji ya goge mahaɗar hinji da makulli da tsumma, ya sa sabon giris, ya kwashe ganyen da ke ƙasan gilashi. Idan hadari ya haɗo kuma bonet yana buɗe, rufe shi kafin ka nemi mafaka.